Muhawara: Ya dace mu tara kuɗin fansar wanda ya yi kisan ganganci?

Malam Habibu, Makka

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Tun da aka turo sanarwar neman taimako domin yaron nan da kotu ta yanke wa hukuncin ƙisasi, mutane suke ta kirana, wasu suna tambayar hanyar da za su ba da nasu, wasu kuma suna cewa zuciyarsu ba ta kwanta da tara kuɗin ba, sai dai suna jin nauyin faɗa a bainar jama'a. Na ga ya fi dacewa mu tattauna a nan, kowa ya ji hujjar ɗan'uwansa. Ga wanda bai san maganar ba, rigima ce ta haɗa mutum biyu a kan bashi, ɗaya ya zaro wuƙa, ɗayan ya cika kafin a isa da shi asibiti. Kotu ta tabbatar da cewa kisan ganganci ne, magadan mamacin kuma, bayan dattawa sun yi ta sintiri a gidansu, sun amince za su yafe jinin idan an ba su riyal miliyan uku cikin wa'adin da aka ɗiba. Imara, wato ofishin gwamnan yanki, ta buɗe asusu na musamman, kuma ta nan kaɗai doka ta yarda a tara irin wannan kuɗi. Ina roƙon kada kowa ya ambaci sunan yaron ko na mamacin ko unguwarsu, domin gidajen biyu duk suna da 'yan'uwa a wannan zaure.

Musa, Jidda

Allah gafarta Malam, ina cikin waɗanda suka kira ka, kuma ba zan ɓoye ra'ayina ba: ni ba zan sa ko riyal ɗaya ba. Allah ya gaya mana cewa a cikin ƙisasi akwai rayuwa, kuma abin da malamai suka koya mana shi ne duk wanda ya san za a kashe shi idan ya kashe, zai mayar da wuƙarsa kube, sai rai biyu su tsira. To, idan samarinmu suka ga cewa duk wanda ya zubar da jini jama'a za su tashi tsaye su fanshe shi, wane tsoro ne ya rage? Ni direba ne, dare yana yi mini a lungunan Karantina da Sabil, kuma ina ganin yaran da ba su kai shekara ashirin ba suna yawo da makami a ƙugu. Sannan ku dubi yawan kuɗin. Akwai zawarawa a cikinmu da mai gida ya kora saboda haya, akwai magidantan da iƙamarsu, wato takardar izinin zama, ta mutu ba su da abin sabuntawa, ba wanda ya taɓa buɗe musu asusu, alhali ba su kashe kowa ba.

Abdulƙadir, Madina

Malam Musa, ayar da ka kawo gaskiya ce, ita ce ta 179 a Suratul Baƙara, amma ina roƙon mu karanta ta tare da wadda take gabanta. A aya ta 178 ne Allah ya wajabta ƙisasi, kuma a cikinta ɗin ya buɗe ƙofar rangwame, ya kira mai jini ɗan'uwan wanda ya yi kisan, ya ce wannan sauƙi ne da rahama daga Ubangiji. Anas ɗan Malik ya ruwaito cewa ba a taɓa kawo wa Annabi (SAW) ƙarar da ta shafi ƙisasi ba face ya yi umarni da afuwa. Saboda haka wanda ya nemi a yafe bai yi wa shari'a zagon ƙasa ba, yana cikinta tsundum.

Sai dai akwai wurin da fiƙihu yake bayanka, kuma ya kamata masu tara kuɗi su san shi. Diyyar kisan kuskure dangin mai kisan ne na wajen uba suke ɗauka, a raba musu cikin shekara uku, domin mutumin bai yi nufi ba, ya cancanci a tallafa masa. Ta kisan ganganci kuwa malamai sun ce daga dukiyar mai kisan ake fitar da ita, dangi ba sa ɗauka, saboda kada a sauƙaƙa wa wanda ya yi nufin ɓarna. Ke nan ba wanda ya wajaba a kansa ya ba da ko sisi a wannan asusu, wanda ya bayar sadaka ya yi, wanda ya hana kuma babu laifi a kansa.

Abu na biyu, miliyan ukun nan ba diyya ba ce. Asalin diyya raƙuma ɗari ne, kuma tun 2011 aka ƙiyasta ta a ƙasar nan a kan riyal 300,000 a kisan kuskure, 400,000 a na ganganci da mai kama da shi. Abin da ya haura wannan kuɗin sulhu ne, wato abin da masu jini suka yanka a matsayin sharaɗin ajiye haƙƙinsu, kuma mafi yawan malamai sun halatta shi ko da ya fi diyya yawa.

Hajiya Rakiya, Jidda

Ɗana Abdulƙadir, Allah ya ƙara ilimi. Ni ba malama ba ce, amma an kashe mini ƙane, uwa ɗaya uba ɗaya, saboda haka ku ba ni dama in faɗi abin da ba a cika faɗa ba. Duk lokacin da irin wannan ta faru, hankalin jama'a gaba ɗaya gidan mai kisan yake komawa. Ana nuna hawayen mahaifiyarsa, ana cewa ya haddace izu kaza a kurkuku, ana ƙirga kwanakin da suka rage masa. Wanda yake cikin kabari kuwa ba mai ƙirga masa komai.

Mu ba a cika kwana arba'in ba aka fara zuwa mana. Manyan mutane ne, masu furfura, su cika falo, a ajiye musu gahawa da dabino su ƙi taɓawa, su ce sai an biya musu buƙatarsu. Mahaifiyarmu tana zaune bayan labule, tana riƙe da hular da ya fita da ita ranar, ana karanto mata ayoyin afuwa ɗaya bayan ɗaya, har ta fara jin kamar ita ce mai laifin. Daga baya mun yafe, ba mu karɓi komai ba, kuma ban taɓa yin da-na-sani ba. Amma yafewar ta zo ne a lokacin da zuciyar tsohuwar ta sauko da kanta, shekaru bayan an daina zuwa. Abin da ya fi ci mini rai a wannan karon shi ne yadda nake jin wasu suna cewa magadan nan sun sayar da jinin ɗansu. Mamacin ya bar mata da yara ƙanana, a ƙasar da ba tasu ba, ba gida ba gona. Idan sun nemi ƙisasi a ce ba su da tausayi, idan sun nemi kuɗi a ce masu kwaɗayi ne. Ina ake so su sa kansu?

Safiya, Riyad

Hajiya, Allah ya jiƙan ƙanenki, ya sa haƙurinku a mizani. Ban ga laifin magadan ba ko kaɗan, kuma ni na riga na tura abin da zan iya. Amma akwai abin da yake damuna a tsarin kansa, kuma ina ganin shi ne zuciyar maganar. A ɗauka mutum biyu sun yi laifi iri ɗaya, a rana ɗaya, a gaban alƙali ɗaya. Na farko ɗan babbar ƙabila ne, danginsa za su kafa rumfa, attajirai su yi ta gasar bayarwa, a haɗa miliyoyi cikin mako guda. Na biyu ɗan share-share ne da ya zo daga ƙauye, ba shi da kowa sai abokan ɗakinsa. Hukuncin da aka rubuta musu ɗaya ne, amma na farko zai koma gida, na biyu a sare shi. A shekarar 2014 sai da gwamnatin Indonesiya da 'yan ƙasarta suka haɗa riyal miliyan bakwai kafin su ceto wata 'yar aikin gida daga ƙisasi. Wadda gwamnatinta ba ta motsa ba fa? Ina jin tsoron ranar da rahamar da Allah ya buɗe wa kowa za ta zama ƙofar da sai mai hali yake iya shiga, kuma wannan tsoron ne ya sa na bayar, domin yaron nan yana cikin marasa kowa.

Musa, Jidda

Malama Safiya, ai hujjarki tawa take ƙarfafawa. Duk lokacin da muka biya miliyan uku, mun koya wa magada na gaba su nemi biyar. Da hannunmu muke tsawwala farashin da gobe zai gagari talaka.

Baba Usman, Jidda

'Ya'yana, ni haifaffen Mai Wurno ne a bakin Shuɗin Nilu, na yi rabin rayuwata a Sudan kafin in zo nan, kuma na ga abubuwa biyu da nake son ku auna.

Na farko shi ne judiyya. Idan jini ya zuba a tsakanin gidaje biyu, ajawid, wato dattawan da kowa ya yarda da adalcinsu, su ne suke shiga tsakani. Abin da suke fara yi shi ne raba mutane, a ɗauke dangin mai kisan daga unguwar don kada a haɗu a rijiya ko a kasuwa. Sannan dangin mai kisan su zo su amsa laifi da bakinsu a gaban jama'a, ba tare da kawo uzuri ba. Maganar dukiya ita ce ta ƙarshe, kuma sau da yawa na ga masu jini sun ajiye wani kaso, wani lokacin ma su ajiye duka, domin abin da suke nema tun farko shi ne a tsaya a gabansu a ce an zalunce su. Yanzu kuwa sai mu fara da lambar asusu. Shin a wannan lamarin namu, akwai wanda ya tambaya ko uban yaron ya taka da ƙafarsa ya je ya durƙusa a gaban matar mamacin?

Na biyu, Musa, kai da kake ganin tsananin hukunci shi ne magani. Ina saurayi a Satumbar 1983 lokacin da shugaban Sudan Numairi ya shelanta dokokinsa na shari'a. Mun yi murna, mun yi kabbara. Aka shiga yanke hannaye a kurkukun Kobar, ana sanarwa a rediyo. Amma a daidai wannan lokacin fari ya cinye Kurdufan da Darfur, mutane suka kwararo gefen Omdurman ba su da abin kaiwa baki, kuma galibin waɗanda muka ga an yanke wa hannu irin waɗannan ne, talakawa da baƙin gari. Ban ga an taɓa waɗanda suka ci dukiyar ƙasa ba. A Afrilun 1985 mulkin ya faɗi, sata kuma ba ta ƙare ba. Ba shari'a nake zargi ba, Allah ya kiyaye. Sayyidina Umar bai yanke hannu ba a shekarar yunwa, kuma lokacin da bayin Haɗib suka sace raƙumar wani mutumin Muzaina suka yanka, da ya gane ubangidansu yana barinsu da yunwa, shi ya ci tara ninki biyu na kuɗin raƙumar. Wannan ita ce shari'ar da na sani, tana duban wanda ya yi laifin, tana kuma duban wanda ya jefa shi a ciki.

Musa, Jidda

Baba, na ji maganarka kuma na girmama ta, amma yaron nan ba yunwa ce ta sa shi ba. Da wuƙa ya fito daga gida. Wanda ya saci buhun dawa don 'ya'yansa su ci daban, wanda ya soke abokinsa a kan bashi daban. Kuma tambayata tana nan ba a amsa ba: idan an biya kuɗin nan, shi ke nan ya fito ya ci gaba da yawo a gaban marayun da ya bari?

Abdulƙadir, Madina

A'a, Malam Musa, ba ya fita a ranar. Kisa yana ɗauke da haƙƙi uku: na Allah, wanda tuba ce kaɗai take kankare shi, da na magada, wanda shi ne suke yafewa ko su yi sulhu a kansa, da kuma na al'umma, wanda yake hannun hukuma. A nan Saudiyya, idan magada sun yafe kisan ganganci, akwai ɗaurin shekara biyar na haƙƙin al'umma, kuma baƙo idan ya gama zamansa tarhil ake yi masa zuwa ƙasarsu. A mazhabarmu ta Malikiyya ma, wadda aka karantar da iyayenmu da ita, wanda aka yafe wa ana yi masa bulala ɗari a ɗaure shi shekara guda. Har ila yau Malikawa sun ce kisan gilla, wato a yaudari mutum a kai shi inda ba mai ceto a kashe shi don dukiyarsa, babu afuwa a cikinsa ko magada sun so, domin ɓarna ce a bayan ƙasa.

Akwai kuma abin da mutane ba sa lissafawa, wato jira. Kotunan nan suna bin ra'ayin cewa duk magada suna da haƙƙi a jinin, maza da mata, kuma idan ɗaya ya yafe ƙisasi ya faɗi. Idan a cikinsu akwai yaro ƙarami, sai a jira ya balaga a ji ta bakinsa. Akwai ɗan Nijeriya da aka kama a Jidda tun 2002, aka yanke masa hukunci a 2005, ya yi ta zama shekara da shekaru yana jiran ƙaramin cikin magada ya girma. Mutumin da yake kwana yana tashi bai san ko gobe za a kira sunansa ba, ba za a ce bai ɗanɗani hukunci ba.

Safiya, Riyad

Ina son in ƙara abu ɗaya a kan maganar tsoratarwa, domin duk hujjar Malam Musa a kanta ta tsaya. Tsoron hukunci yana aiki ne a kan wanda ya tsaya ya yi tunani, amma mai faɗa a cikin fushi ba ya lissafin abin da zai biyo baya. Kuma hukuncin da ba a iya janyewa yana buƙatar tabbacin da ba kullum ake samunsa ba. Dukkanmu muna tuna ɗalibar nan 'yar Kano da aka kama a Madina a Disambar 2018 bisa zargin shigo da ƙwaya, laifin da yake iya kai mutum ga kisa. Sai da bincike a Nijeriya ya gano cewa wasu ma'aikata a filin jirgin Kano ne suke liƙa sunan fasinja a jakar da ba tasa ba, sannan aka sake ta a ƙarshen Afrilun 2019. Ita ta samu iyayen da suka tsaya da gwamnatin da ta sa baki. Ni ina aikin jinya, kuma na sha ganin tsohuwar da ba ta jin Larabci ana tambayarta, tana gyaɗa kai don ladabi, a rubuta cewa ta amsa. Idan haka tana faruwa a gaban likita, me zai hana ta faru a gaban mai bincike idan tafinta bai ƙware ba? Shi ya sa aka ruwaito cewa shugaba ya yi kuskure wajen afuwa ya fi ya yi kuskure wajen uƙuba.

Malam Habibu, Makka

Malama Safiya, maganarki tana da nauyi, sai dai a wannan shari'ar yaron ya amsa laifinsa, akwai shaidu, kuma hukuncin kisa a ƙasar nan ba ya tabbata sai ya bi ta kotun ɗaukaka ƙara da Kotun Ƙoli, sannan umarnin Sarki ya fito. Mu tsaya a kan abin da yake gabanmu. Amma na riƙe batun tafinta, domin muna da ɗalibai a Ummul Ƙura da Jami'ar Musulunci da suka iya harsunan biyu, kuma abin kunya ne a ce ɗan'uwanmu ya sa hannu a takardar da bai fahimta ba.

Hajiya Rakiya, Jidda

Baba Usman ya yi tambayar da ba wanda ya amsa, kuma ita ce ta fi tsaya mini a rai. Wanda ya kashe ƙanena bai taɓa aiko mana da kalma ɗaya ba sai da aka ce masa lokaci ya matso. Da a makon farko uwarsa ta zo ta kama ƙafar uwata ta yi kuka tare da ita, ina da yaƙinin da ba a kai shekarun da aka kai ba. Musa, ɗana, ba zan ce ka bayar ba, kuɗinka ne, kuma damuwarka a kan yaran lungu gaskiya ce. Amma ka sani ƙisasin da kake so a zartar, idan an zartar, matar nan da 'ya'yanta za su tashi ba miji, ba uba, ba kuma abin da za su riƙe. Su ne suka zaɓi wannan hanyar, kuma Allah ne ya ba su zaɓin.

Musa, Jidda

Hajiya, ban da bakin musa miki. Har yanzu ina ganin fansar mai ganganci da kuɗin jama'a tana rage wa jini kwarjini a idon yaranmu, kuma ba zan sa hannu a asusun ba. Amma idan za a yi wani abu domin marayun kai tsaye, wanda ba a ɗaura shi da sakin kowa ba, kamar kuɗin makarantarsu ko hayar ɗakinsu, a rubuta sunana a farko. Ina kuma roƙon dattawan da suke zuwa gidan su sake neman ragi, don kada wannan adadin ya zama abin da za a riƙa kafa hujja da shi nan gaba.

Baba Usman, Jidda

Neman ragi yana da kyau, amma kada a aika dattawa su cika wa matar nan falo, kun dai ji abin da Hajiya ta faɗa. Mace ɗaya mai hankali ta je tare da mahaifiyar yaron, su yi ta'aziyya kawai, kada a ambaci kuɗi a zuwan farko ko na biyu. Idan ragi zai zo, daga bakin masu jini zai fito.

Malam Habibu, Makka

Na binciki tambayar Baba, kuma an tabbatar mini cewa iyayen yaron ba su taɓa shiga gidan ba, saboda tun farko an ba su shawarar su nisanta don gudun fitina, duk saƙonni ta hannun 'yan tsakani suke bi. Zan yi magana da kawun mamacin bayan sallar Juma'a in ji ko za su karɓi zuwan. Hajiya Rakiya, idan sun amince, za ki iya raka mahaifiyar yaron?

Hajiya Rakiya, Jidda

Zan je, Malam, in Allah ya yarda, amma da sharaɗin a fara tambayar matar mamacin ita kanta, ba kawu kaɗai ba. Idan ta ce ba ta shirya ganinsu ba, a ƙyale ta, ko da wa'adin yana matsowa.